Ginshiƙan Kwal da Muka Sare

Tsufa ya kwashe mani abubuwa da yawa daga kai. Sai in shiga kasuwar Batsari sayen gishiri in dawo da igiya, matata ta tsaya tana kallona. Amma abin da ya same mu a ramin kwal, ina jin ko hankalina ya gushe shi zai rage, ba zan manta shi ba har a binne ni. Kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a madadina: a wancan lokacin ni wawa ne, irin wawan nan da ke ganin ya fi kowa wayo. Aji uku na yi a firamare, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu babu wanda ya yi kuka. Da wannan ilimin na haye babban kogi, na tafi koya wa mutane aikin da iyayensu suka tsufa a cikinshi.

A waccan shekarar, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki. Abin da na kwaso daga gonata ta Darini ko rabin rumbu bai kai ba, ga iyali. Ana cikin haka sai ga wani mutumin Safana ya dawo daga kudu da sabon babur da agogo mai nauyi. Mun san shi tun yana tallar rake, amma yanzu ya zama helma, wato shugaban lebura, a wani wajen haƙar kwal. Ya zauna bakin kasuwa yana bayani, wai wani baƙin dutse ne a cikin ƙasa mai cin wuta kamar gawayi, ana saye tifa-tifa, iya buhun da ka cika iya abin da za ka samu. Ya ce mutanen can ragwaye ne, aikin ya fi ƙarfinsu, shi ya sa mai ramin ya aiko shi ya zo da maza. Kalmar nan ta maza ita ta kama ni. Da ya ce jakuna yake nema da ya fi gaskiya, kuma wataƙila da na tsaya na yi tunani.

Ban tsaya ni kaɗai ba. Na hau keke na tafi Babban Duhu wajen taubashina, ɗan gwaggona. Dogon mutum ne mai sanyin magana, in ya kama fartanya kuwa sai ka tausaya wa gonar. Tun muna yara nake ce mashi bawana, shi ma yana ce mani bawanshi, kuma ba a taɓa samun alƙalin da ya raba wannan shari'a ba. Na same shi yana ba shanun huɗarshi harawa.

Na ce, "Bawana, aje wannan. Arziki na can kudu yana jiranmu, kai kana nan kana hira da sa."

Ya ce, "Arzikin da ya rasa ɗan aike sai kai, shi ma a duba shi. Mi za a yi can?"

"Dutse za mu haƙa. Mai cin wuta."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka fara shan wani abu ne ban sani ba?"

Amma rumbunshi bai fi nawa ba, kuma matarshi na da tsohon ciki. Gwaggo, mahaifiyarshi, ta ji mu daga ƙofar ɗakinta. Ta ce mu biyun nan in mun haɗu ba ta san wa zai riƙe wani ba. Ta ƙulla mana ƙuli-ƙuli da yaji, ta sa mana albarka. Muka bi helma mu da wasu mutanen yankinmu, a saman motar shanu, muna riƙe da ƙarfe muna shaƙar abin da shanu suka ga dama.

Ni a zatona rijiya za mu tarar, mai faɗi, kana haƙa kana ganin sama. Ashe rami ne a gefen tsauni, cikin daji, kamar na gafiya, sai dai wannan mutum ke shiga a duƙe. Ka ɗaure tocila a goshi da robar tayar keke, ka tuɓe riga, ka bi duhu. Akwai masu sara da diga, akwai masu lodi da shebur, akwai masu tura baro zuwa waje. Wani wurin ba ka iya miƙewa, a kishingiɗe za ka yi saran, ruwa na bin haƙarƙarinka. Wani injin zuƙar ruwa na bakin rami yana tari dukan yini, da dogon bututun ƙarfe da ya bi ƙasa har can ciki. Zafin wurin ba irin na rana ba ne, zafi ne da ke zaune kan ƙirjinka. In kun fito ba ka gane ɗan'uwanka sai ya yi dariya. Yawu baƙi, majina baƙa, ka yi alwala ruwan ya gangara kamar tawada. Abinci garin kwaki ne da safe, garin kwaki da rana, ranar da aka dafa wake kuwa sai ka ga ƙatti suna gaisawa kamar ranar salla. Taubashina ya zama mai sara, don ƙarfinshi. Ni aka ba ni baro, don helma ya ce bakina ya fi hannuna aiki, gara in riƙa fita ina shan iska.

Mai kula da injin ruwan wani tsoho ne ɗan ƙasar, siriri, mai tari irin wanda ke tasowa tun daga ƙafa. Yana jin Hausa sosai, wajen mahauta ya koya. In mun fito hutawa yakan ba mu labari. Ya ce ubanshi ya shiga rami tun zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa kwal yake ci. Ba takalmi suke shiga, da fitilar hannu, a ƙirga su da safe kamar awaki, a sake ƙirga su da yamma, in lissafi bai cika ba a ɗauko wani gobe. Shi kuma ya gaji uban, ya yi aikin har jirgi ya koma shan mai, aka rufe ramukan, aka bar su da tari da 'ya'ya. Ramin da muke ciki ma na wancan zamanin ne, wani mai kuɗi ya zo ya sake buɗe shi. Ni ina saurare da kunne ɗaya, ɗaya kunnen na wajen tukunyar wake.

Rigimarmu ta farko da tsohon nan kan ɓeraye ce. Ramin cike yake da su, shi kuma sai ya riƙa watsa masu ragowar abinci a baki. Manomin da ya taɓa buɗe rumbu ya tarar da ƙaiƙayi ba ya ganin ɓera ya wuce, don haka na sa shebur na yi ta aikin lada, har ina jera su a waje don a gani. Tsohon ya ce in bari, su ke fara jin motsin dutse, in ka ga suna fita kai ma ka fita. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wa mutanenmu, ku ji, mutanen nan ɓera ne limaminsu.

To, can cikin ramin akwai wasu manyan curin kwal da mutanen wancan zamanin suka bari a tsaye, daga ƙasa har rufi, kowane ya kai girman rumbu. An sare ta kowane gefe an bar su jere, hanya na bi tsakaninsu. Kwal ɗin jikinsu shi ya fi kyau, yana ƙyalli, yana ɓarewa da sara ɗaya, ba kamar na can ƙurya ba da sai ka yi ta fama. 'Yan ƙasar da suka riga mu aiki a ramin ba su taɓa su. Da aka ce su sare, suka ajiye diga suka koma gida. Wannan ita ce ragwantakar da helma ke faɗa, kuma saboda ita aka je har Katsina aka kwaso mu. Mu ba mu sani ba.

Helma ya tara mu ya ce, "Ku manoma ne. In mutum ya gama cire gyaɗa ya bar rabi cikin ƙasa, mi kuke ce mashi?"

Muka ce malalaci.

"To wannan kala ce aka bar maku. Turawa sun gaji sun tafi, waɗannan kuma tsoron aljanu ya hana su. Ku da kuke da addu'a a baki, ku kwashe abinku."

Ya san inda zai taɓa mu. Mu mutane ne da in zangarniya ɗaya ta faɗi kan hanya sai mun duƙa mun ɗauka. A ce ga amfani a tsaye an bar shi, wannan a idonmu ɓarna ce. Kuma iyakar haƙarmu rijiya ce da kududdufi, inda sama ke buɗe. Babu wanda ya taɓa zama ya yi tunanin cewa tsauni guda ne a kanmu, kuma dole akwai abin da ke riƙe da shi.

Tsohon ya biyo mu har ciki ranar da muka fara, abin da bai saba yi ba. Ya dafa ɗaya daga cikin curin ya ce, "Wannan ba kala ba ce. Ginshiƙi ne. Da gangan aka bar shi, shi ke ɗauke da tsaunin. Ku a garinku kuna cire gwafar rumfa kuna zaune ƙarƙashi?"

Taubashina ya sauke diga ya dube ni. Shi yana da hankali, maganar ta shige shi. Ni kuwa na ce, "Baba, dutse ne fa a sama, ba zana ba. Dutse na buƙatar a riƙe shi? Je ka kula da injinka da ɓerayenka." Aka yi dariya. Helma ya fi kowa dariya, ya ja tsohon waje yana yi mashi faɗa da yarensu. Ina jin haushin kaina kan wannan maganar, ba na musu. Amma ni jahili ne ya yi maganar jahilci. Helma ya daɗe a wurin, ya san mi ginshiƙi ke yi. Na lura daga baya cewa tun ranar da muka fara saran bai sake wuce bakin rami ba.

Muka yi kwanaki muna cin ginshiƙan nan, buhuna na cika kamar wasa. Rufin ya fara magana. Wani ƙas-ƙas ne kamar ana taka busasshen kara, sai kuma garin kwal ya zubo maka a wuya. Muka ce dutse ne ke gyara zama. Ranar da abin zai faru, da hantsi ne, taubashina na kishingiɗe yana sarar wani ginshiƙi da ya rage kamar turmi a tsakiya. Aka cika mani baro.

Ya ce, "Bawana, in ka fita ka taho mani da ruwa. Kar ka tsaya surutu da masu tifa."

Na ce, "Wane bawa ke aiken ubangidanshi?"

"Irin wanda ubangidan nashi ke tura baro."

Ina gab da fita na ji wata iska ta bugo ni ta baya, ta watsar da ni da baron gaba ɗaya. Ƙarar daga baya na ji ta. Baƙin gari ya toshe ko'ina, mutane na fitowa da rarrafe suna tari suna salati, wani kai a fashe, wani ba takalmi ba tocila. Muka tsaya a waje muna goge fuska muna duban juna, kowa na neman nashi. Kowa ya fito sai taubashina.

Na koma ciki a guje. Ba nisa hanya ta ƙare, dutse ya cika ta har sama. Ina ta kira ina tona da hannu, sai tsohon ya dafa ni ya ce in yi shiru. Ya durƙusa ya sa kunne jikin bututun injin. Ni ma na sa. Ana bugawa. A hankali, da ƙarfe, a tsaya, a sake. Muka kwance bututun daga jikin inji, na kafa baki na ƙwala kira, na mayar da kunne. Muryar ta zo ƙarama kamar daga cikin tulu.

"Ina ruwan da na aike ka?"

Na yi dariya ina kuka. Ya ce dutse ya danne mashi ƙafa, ba ya iya motsi, amma kanshi lafiya. Ya ce bututun ya karye kusa da shi. Tsohon da ya ji haka fuskarshi ta canza. Ya ce in bututu ya karye, inji ba ya jan ruwan ciki, kuma ruwan ba zai daina taruwa ba. Amma ya ce akwai dabara: daidai wurin ƙasar da ke sama ba ta da kauri, in aka kawo katafila ta yaye ta saman tsauni za a cim mashi kafin ruwa. Kuma katafilar na nan bayan tsaunin, muna jin kukanta, tana yi wa mai ramin nan lodi a wani filin nashi.

Helma ya ce ba shi da iko, a jira Alhaji, mai ramin. Muka jira muna tona. Sai da rana ta karkata Alhaji ya iso cikin mota mai sanyi, da farar shadda. Ɗan arewa ne kamar mu, abin da ya fi ƙona mani rai ke nan har gobe. Ya tsaya nesa, inda ƙasa ba ta yi baƙi ba, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi ya muka ji da wannan abu.

Na ce, "Alhaji, yana da rai. A kawo katafila ta buɗe ta sama."

Ya ce katafilar ta haya ce, ba ta barin aikin da aka ɗauko ta dominshi. Ya ce hawa tsaunin ma haɗari ne gare ta. Sannan ya gyara hula ya sassauta murya kamar mai wa'azi. "Malam, kai musulmi ne ko? Ka yarda da ƙaddara?"

"Na yarda."

"To wanda kwananshi ya ƙare, ko katafila ɗari aka kawo..."

"Bai ƙare ba, Alhaji. Ga shi can yana magana. Zo ka sa kunne."

Bai zo ba. Ya dubi ƙasar da ke tsakaninmu, ya dubi takalminshi. Ya ce wa helma a ba mu shinkafa yau, a kuma tabbatar maganar ba ta fita gari ba. A nan na gane. Ramin ba shi da takarda, in katafila ta yaye tsauni kowa zai gani, hukuma ta ji, a rufe mashi wuri. Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na kama shaddar nan da hannuwana biyu na kwal, na ce ba inda za shi. Masu gadinshi suka sauke mani gora. Haƙorana biyu na gaba suna can har yanzu, in wani ya je ya gani nawa ne. Motar ta tafi, ni ina ƙasa ina tofar da jini.

Waɗanda suka zo mana su ne ragwayen. Tsohon ya aika gari, sai ga mutanen da muka yi wa dariya sun taho da adduna da gatura. Babu wanda ya ce mun faɗa maku. Suka shiga daji suka saro itace, suka riƙa kafa gwafa suna tokare rufi, a tona kaɗan a tokare, a tona kaɗan a tokare. Mutum ɗaya ke iya shiga, a kan cikinshi, ya miƙo dutse baya, na baya ya miƙa wa na baya. Matansu suka kawo abinci suka ajiye suka tsaya nesa. In na fito daga layi sai in koma bakin bututu.

Taubashina ya ce mani ruwa ya kai ƙugu. Na ce mun kusa. Washegari ya ce ya kai ƙirji, tocilarshi ta mutu. Na ce mun kusa. Ya ce, "Kai tun muna yara ba ka iya ƙarya ba, yawanta kawai kake." Ya ce in sayar da sa ɗaya in matarshi ta haihu, a yi suna yadda ya kamata, kar in bari ƙannenshi su yi rowa. Na ce ya fito ya sayar da abinshi, ni ba dillali ba ne. Daga nan ya daina tanka mani, sai dai in ji yana karanta abin da ya sawwaƙa. Daga baya maganar ta ɗauke, sai bugu. Duk wannan lokacin katafilar na bayan tsauni tana lodi, muna jin ta, tifa na shiga tifa na fita.

Da bugun ya tsaya ban yarda ba. Na ce ya gaji ne. Da na sa kunne sai na ji ruwa na ɓulɓula cikin bututun. Duk da haka muka ci gaba, don ko babu rai akwai haƙƙi, a fito da shi a wanke shi a sa mashi likkafani kamar kowane ɗan musulmi. 'Yan ƙasar ma ba su tafi ba, sun ce su ma ba su barin nasu a rami in da hali. Sai rufin ya sake magana, gwafa ta fara tsagewa. Tsohon ya fitar da kowa da tsawa, muna fita abin da muka tona duka ya rufta. Ya zauna a ƙasa ya ce ta nan kam an gama, duk wanda ya sake shiga ba zai fito ba. Saura ta sama.

Kuma katafilar ta zo. Da safe muka ji ta tana zagayo tsauni, na tashi da gudu ina nuna wa direban inda zai hau. Bai kalle ni ba. Ya sauke bakinta ya fara turo ƙasa zuwa ƙofar ramin. Aikin da aka ce ba ta iya bari don ceton mutum, ta bar shi don toshe rami. Na kwanta gabanta, mutanenmu suka ɗauke ni caɗak kamar buhu, ina zagin duk wanda na sani da wanda ban sani ba. Kafin azahar wurin ya zama tudu, kamar ba a taɓa yin ƙofa ba.

Wani daga cikinmu mai ɗan karatu ya ce tunda haka ne tsaunin ya zama kabari, mu yi mashi salla a nan. Muka yi sahu gaban tudun ƙasa, babu gawa babu makara. 'Yan ƙasar suka cire huluna suka tsaya bayanmu. Da aka shafa, helma ya ja ni gefe ya ce, "In ka je gida ka ce zazzaɓi ne, an yi mashi sutura. Zai fi masu sauƙi." Na tara yawu, baƙi ƙirin, na ajiye mashi kusa da ƙafa. Yanzu yana nan Safana da gidan siminti, sahun gaba yake salla. In mun haɗu wajen ɗaurin aure ya miƙo hannu, sai in tuna ƙeyata na ƙaiƙayi.

Na dawo da jakar taubashina da takalminshi na roba. A Babban Duhu na faɗa wa maza gaskiya duka a ƙofar gida, ban rage ba. Su suka yanke cewa mata a ce masu dutse ya faɗo mashi wajen aiki, a tsaya nan. Matarshi ta shiga takaba da ciki, ta haifi namiji, na sayar da sa ɗaya, aka yi suna babu rowa.

Abin da na koya ba shi da yawa, daidai kaina. In ka ga an tsallake mutanen da ke bakin aiki, an keta ƙasa guda an zo ana kiranka namiji, to ba ƙarfinka ake so ba, rashin saninka ake saye. Ka fara tambayar mi ya sa su suka ƙi. Abin da na baya suka bari a tsaye, ka tambayi mi yake ɗauke da shi kafin ka sa diga. Kuma na yarda da ƙaddara har yau, amma in mai hali ya riga ka ambatonta alhali mutum na numfashi, ba Allah yake tuna maka ba, aljihunshi yake karewa. Ina faɗa wa samarinmu haka yanzu da suke tururuwa zuwa ramukan zinariya. Wasu su ji, wasu su ce tsohon nan mai wawulo ya fara.

Bayan an share makoki, ina shirin komawa Darini, Gwaggo ta aiko in shiga. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, idonta ya riga ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ni na ja shi ba, da ta faɗa da na ji sauƙi. Ta tambayi hanya, ta tambayi haƙorana, ta ce Allah ya saka mani da na tsaya kanshi a baƙon wuri. Na ce amin, na yunƙura zan tashi. Ta rayu shekaru bayan wannan, ina zuwa gaishe ta duk salla, kuma har ta koma ga Allah ban ba ta amsar abin da ta ce mani ranar ba. Hannunta na cikin gyaɗa, ba ta ko ɗago ba, ta ce:

"Can ƙasar ban san yadda suke yi ba. Amma tunda kana wurin hankalina kwance yake. Na san kai ka sa shi da hannunka, ka juya mani fuskarshi gabas."